Maɓallin da Aka Kashe

"Ɗaga hannunka, Abba," in ji 'yar maƙwabcina. "Ɗaga in gani."

Ya ɗaga daga kan kibod ɗin kwamfuta, amma ƙaramin yatsansa na hagu bai bi 'yan'uwansa ba. Ya tsaya a lanƙwashe kamar ƙugiya, yana rawa shi kaɗai. Ina zaune a kan bencin shagon na ce ta ƙyale shi, mu da muka tuƙa babbar mota da karyayyen hannu mun san ciwon da ya isa a yi maganarsa, wannan bai kai ba.

"Baba Direba, kai dai babu abin da ba ka taɓa yi ba," ta ce, ko dubana ba ta yi ba.

Gaskiya ta faɗa. Ni ban taɓa shiga aji ba, ko don fakewar ruwan sama, amma duk sa'o'ina masu takardu na raka su makwancinsu. Gobara ta ci ɗakin da nake kwance na fito da gemuna. Motata ta ɓalle daga kan gada ta faɗa kogi da ni a ciki, ga ni nan. Sai dai in na ɗauko labarin kogin, jikokina su riƙa taɓa juna suna ƙunshe dariya. Shi ya sa na ce sai an rubuta shi, don kada in kwanta dama a ce tsohon nan maƙaryaci ne.

Mai rubuta min shi ne maƙwabcina, katanga ɗaya ta raba mu. Buga wa mutane takardu ne sana'arsa, a ɗan shagon ƙofar gidansa, muna ce masa Yatsu. Kullum da safe kafin masu aiki su zo, ni ina faɗa, shi yana bugawa. Ba ya taɓa linzamin kwamfuta, wai ɓata lokaci ne. Akwai wani maɓalli can lungun ƙasa na hagu, sai ya miƙa ƙaramin yatsa ya danne shi, ya haɗa da wani harafi, aiki ya yiwu. Na adana rubutu shi ne harafin nan mai kama da maciji. In ya danna sai ya ce, "Na ajiye."

Miƙar nan ta shekara da shekaru ce ta cinye yatsan.

"Wanda ya tsara waɗannan maɓallai ƙwaƙwalwa ya tausaya wa, bai tausaya wa hannu ba," in ji 'yar. Gyaran kwamfuta take yi a cikin gari, bakinta kuma ya fi hannunta sauri. "Zan mayar maka da su ƙarƙashin babban yatsa da manuni, inda hannunka yake hutawa. Babu miƙa, babu lanƙwasa."

"Waɗannan kowanne harafinsa na tuna min sunan aikinsa," Yatsu ya ce. "Naki me zai tuna min?"

"Yatsunka za su koya."

"Yatsuna sun sauke karatu tun ba a haife ki ba. Hannun zai yi haƙuri, uwata. Kan ne ya fara yoyo."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Shi bai yi ba.

Ta zauna ta sauya komai. Na lungun kuwa ta kashe shi gaba ɗaya, ta ce in ta bar shi da rai ba zai daina zuwa wurinsa ba. Ta ciro jan farce daga jakarta ta ɗiga a kan sabon maɓallin adanawa. "Ja ne ajiya, Abba. Ja kawai za ka riƙe."

Yatsan ya samu sauƙi, wannan ba zan hana ta ba. Amma aikin ya koma tafiyar mota mai ciwon giya. Ina tsakiyar magana sai in ga hannunsa ya tsaya a sama, yana shawagi a kan maɓallan, idonsa na neman ja. Wata safiya ya kira ni da sunan wansa da ya daɗe da rasuwa. Wata safiyar ya ajiye kofin shayi a gefen tebur, inda babu tebur. Ya daɗe yana kallon fasassun a ƙasa kamar wani ne ya jefo su.

"Ka huta mana," matarsa ta ce daga bakin ƙofa.

"Zai huta in mun haye," na ce mata. "Mun iso gada, ba a tsayawa a kan gada."

Inda muka tsaya a labarin ranar nan, motar ta riga ta faɗa ruwa. Washegari na shigo, hadari ya haɗu, shagon ya yi duhu sai hasken kwamfutar a fuskarsa. Gefen bakinsa ya ɗan zube. Ya ce, "Direba, fito da kanka daga kogin nan yau, na gaji da barinka a ciki."

Na fara. Ban taɓa faɗar labarin nan da daɗi kamar ranar ba, har abubuwan da na manta suka riƙa zuwa da kansu. Shi kuma ya koma Yatsun da na sani, maɓallai na ƙara kamar ruwa a kan kwano. Babu tsayawa, babu neman ja. Duk ƙarshen magana sai ƙaramin yatsan nan ya miƙe zuwa lungu, ya haɗa da maciji. "Na ajiye." Na gani da idona, na ce lafiya ta samu. Ni direba ne, ba aikina ba ne in riƙe wane maɓalli aka kashe.

Na kai inda na dafa gaɓa na tofar da ruwa. Ya danna, ya ce, "Na aji..." sai kansa ya tafi a hankali ya kwanta a kafaɗarsa.

Ni na ɗauke shi. Da shekaruna, ni kaɗai, kafin matasan layin su gama neman takalmansu. Wajen fita wayar wutar kwamfutar ta shiga gabana, na fizge ƙafata, na ji wani abu ya yi ƙit a bayana, shagon ya ida duhu. Ban waiwaya ba. A asibiti ya cika, ana ruwa.

Da masu ta'aziyya suka ragu, 'yar ta buɗe shagon ta kunna kwamfutar. Ta ce amanar da Abba ya ɗauka sai a sauke ta. Injin bugawa ya riƙa turo takardu da ɗuminsu, na tara su a cinyata. Na ce ta karanta min ta ƙarshe.

"Ruwa ya kawo min wuya," ta karanta. "Na tura ƙofa da kafaɗa, ta ƙi."

"Ci gaba."

"Nan ya tsaya, Baba."

"A'a, na fito ai. A gabansa na fito. Yana ta ajiyewa."

"Da wanne yake ajiyewa?"

Na nuna mata. Ta dubi lungun, ta dubi ɗigon ja, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ta rufe bakinta da gefen mayafi ta shige gida.

Na matsa kusa da teburin. Maɓallin lungun ya goge, tsakiyarsa ya yi ɗan rami mai sheƙi. Na sa ƙaramin yatsana a ciki, ya yi min kaɗan. Na nemo macijin, na danna su tare. A ƙasan rubutun da ke fuskar kwamfutar, wani ɗan tsinke ya ci gaba da ƙiftawa.