Saurayin Bayan Buhu

Liyatu tana ɓarar gyaɗa a tsakar gidansu a Jimeta, baki gum. Da can ba a ɓarar gyaɗa a gidan nan babu waƙa, don ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Amma tun da aka yi mata aikin maƙoƙo muryar ta dishe, ta ce ita da waƙa sun rabu.

"Maman Nancy, gobe fa akwai koyon waƙa," in ji mijinta Apollos, yana ɗana tarko a ƙofar ɗakin ajiya. "Muryarki tana nan yadda take."

"Kai ko ƙofa ce ta yi ƙara, cewa za ka yi da daɗi."

Asta maƙwabciyarsu, da ta shigo taya ta ɓara, ta kwashe da dariya. "To ki tambayi saurayinki na bayan buhu mana. Shi bai san kara ba."

Saurayin nan wani tsohon ɓera ne mai guntun bindi. Ya gane cewa in Liyatu na waƙa, gyaɗa na faɗuwa ƙasa. Tana asibiti an kunna rediyo, bai fito ba. 'Yarsu Nancy ta rera waƙar uwarta sak, ko gashin bakinsa ba a gani ba. Da Apollos ya gwada kuwa, ɓeran, bawan Allah, ƙaurar kwana biyu ya yi zuwa gidan Asta.

"In bai fito ba, kada wanda ya ƙara yi mini maganar zumunta," in ji Liyatu.

Ta gyara zama ta fara. Muryar ta fito a shaƙe, ta karye a tsakiya. Ta tsaya. Ɗakin ajiya ko motsi babu. Asta ta sunkuyar da kai, tana cewa a ranta da ma ba ta yi wasan ba.

Liyatu ta sake ɗauka, a hankali, hannunta na ɓara. Can sai ga ɗan hanci daga bayan buhu, sai kunnuwa. Ya taho tiƙis-tiƙis, kuma tarkon yana kan hanyarsa.

Apollos ya miƙa hannu, ya kife ƙwarya a kan tarkon.

Sai da Liyatu ta kai waƙar ƙarshe, sannan ta share ido da gefen ɗankwali.

"Baban Nancy, akwai gawayi? Zanen zumuntata yana son guga."