Baba Yana Jiran Dariya

Ranar da suka bugo waya suka ce za a sake shirya "Maƙwabtanmu Dodanni", ni na ɗauka, kuma ban ɓoye musu ra'ayina ba. Masu shirya finafinan Burbank ɗin nan sun daina ƙirƙira. Ɗakuna cike da marubuta, ana ta ɗirkar kofi tun safe, amma a rasa wanda zai kawo sabon labari. Sai a tono shirin da ya yi shekara hamsin a kabari, a shafa masa launi, a ce wa mutane ga sabo. Haka na faɗa wa yarinyar da ta kira, har da ƙari. Ta bari na sauke kayana tas, sannan ta ce sunanta Yolanda Quintero, ita ce darakta, kuma da Chester Dombrowski take son magana.

Mahaifina ke nan. Shi ya fito a Ogden, maigidan dodanni, a zamanin talabijin baƙi da fari. Ogden dodon tabki ne mai ƙaho ɗaya da rabi, yana sayar da inshora, kullum yana mamakin abin da ke sa maƙwabta gudu in ya gaishe su. Yanzu Baba ya haura tamanin. Tun rasuwar Mama ya daina fita, ya daina karɓar baƙi, ya koma zaman kujera a gefen taga, abinci ma sai na tsaya a kansa.

Al'ada ce a garin nan, in an sake tsohon shiri, sai a nemo wanda ya rage da rai cikin 'yan wasan farko, a ba shi 'yar fitowa ta minti guda don tsofaffin masu kallo su nuna shi da yatsa. Abin da suke so da Baba ke nan.

Na ce, "Baba, kada ka je. Ado za su yi da kai, su ajiye ka."

Ya ce, "Marlene, layin magana nawa za su ba ni?"

"Biyu kacal."

"Da biyu na fara," in ji shi. Ya tashi ya tafi neman rezarsa.

Tsorona ɗaya ne. Abin da ya rage wa mutumin nan a duniya shi ne sanin cewa ya iya sa mutane dariya. In suka kai shi can suka nuna masa ya daina iyawa, na san kujerar nan zai dawo, kuma ba zai sake tashi ba.

Ranar ɗauka na kai shi da kaina. Sun gina gidan dodannin tsaf, har da yanar gizo-gizon roba, sai dai komai ya yi kyau fiye da kima. Baba ya dudduba ya ce, "Ina za su zauna?"

"Su wa?"

"Jama'a."

Na ce masa yanzu ba a kawo 'yan kallo wurin ɗauka. A zamaninsu mutane ake cikawa a kan bencuna, a yi wasan a gabansu, dariyar da suka yi ita ake ji a talabijin. Ya dubi ma'aikatan da ke jan wayoyi da ɗaga fitilu, ya ce, "To, ai waɗannan ma mutane ne."

Matashin da ya gaji Ogden, Desmond, ya zo cikin koren jiki da ƙahonsa ya gaishe shi hannu biyu. Baba ya ƙare masa kallo ya ce, "Awa nawa aka yi ana liƙa maka wannan?"

"Ɗaya da rabi, Baba."

"Malalata. Ni huɗu, kuma da gam ɗin takalmi."

Fitowar mai sauƙi ce. Baba tsohon maƙwabci ne, zai ƙwanƙwasa ƙofa, dodo ya buɗe. Zai dube shi sama da ƙasa ya ce, "Da can wani mai kama da kai ya zauna a gidan nan. Amma shi kyakkyawa ne." Sannan ya ƙara da, "Kuma yana share ƙofar gidansa." Shi ke nan.

Aka ce a yi shiru, aka fara. Ya ƙwanƙwasa, ƙofa ta buɗe, ya ɗaga kai a hankali ya faɗi layin farko. Wallahi ya faɗe shi daidai, ni da na girma a kan muryar nan na sani. Sai ya tsaya, girarsa ɗaya a sama.

Ba abin da aka ji. Wuri ya yi tsit, har ƙarar fitila ina ji. Baba yana tsaye, yana tsaye, layi na biyu bai fito ba.

Yolanda ta ce a tsaya. Wata ta matso ta raɗa masa layin a kunne. Ya ce ya sani. Aka sake. A karo na biyu ya ɗaga murya, shiru. Na uku ya ja maganar, ya ƙara yatsine fuska, ya ɓata abin da ya yi daidai tun farko, shirun dai. Sai ga wani ya kawo kwali an rubuta layin da manyan baƙaƙe ya riƙe a gefen kyamara. Da Baba ya ga kwalin nan, sai ya saki ƙofar. Ya juyo ya taho wurin kujerarsa a hankali.

Ya ce, "Marlene, kai ni gida. Maganar ta mutu a bakina."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tunkari Yolanda a gaban mutanenta, na ce, "Kin ji daɗi? Abin da kika kira shi ki yi masa ke nan?"

Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, mantuwa ce, kowa yana yi. Za mu iya yanka layin."

"Bai manta komai ba. Jira yake."

"Jiran me?"

"Dariya, 'yar nan. Su haka aka koya musu. Ka faɗi magana, ka tsaya jama'a su yi dariya, sai ta fara sauka ka jefa ta biyu. In ba a yi ba, ka san ka faɗi."

 Ta juya ta dubi mai kyamara, wani ƙato mai gemu, ta ce, "Hollis, nuna mata hannun rigarka." Ya nuna, duk shatin haƙora. Ta ce, "Tun ɗaukar farko yake cizonsa don kada dariya ta ƙwace masa. Doka ce, Mama. Ana ɗaukar sauti, ko tari ba a yi. Ba wanda ya gaya wa mahaifinki."

Ba wanda ya gaya masa kuwa, domin kowa a wurin ya ɗauka duniya duka ta sani.

Ta je ta tsuguna a gaban kujerar Baba ta yi masa bayani. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Yanzu za ki ce su yi mini dariya. Ba na son dariyar sadaka."

Ta ce, "Ba zan ce kowa ya yi ba, Baba. Dokar shirun kawai zan ɗage. In ba su yi ba, to laifinka ne, sai ka tafi gida da hujja."

Ya dube ta ta ƙasan ido. "Ke ba ki da kunya."

"Haka mahaifiyata take cewa."

Mai kula da sauti ya fara ƙorafin za a lalata masa aiki. Ta ce ya lalace, za su gyara daga baya. Baba ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce a ɗauke masa kwalin nan daga gabansa.

Ya ƙwanƙwasa. Ƙofa ta buɗe. Ya dubi Desmond daga ƙaho har ƙafa, bai yi sauri ba, ya faɗi layin a hankali kamar yadda ya yi da farko. Hollis ne ya fara fashewa, sai masu fitila daga sama, sai matan kwalliya. Desmond ya yi ta dannewa har ƙahonsa yana karkarwa, daga baya shi ma ya saki. Baba kuwa ko gezau, girar nan a sama, yana sauraro. Da dariyar ta fara sauka, sai ya leƙa bayan dodon ya ce, "Kuma yana share ƙofar gidansa." Wurin ya sake rushewa. Ni ban yi dariya ba, kuka na yi, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Shirin ya fito, kuma bai yi kyau ba. Ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a waya ba. Zango ɗaya ya yi aka dakatar da shi, ban yi mamaki ba. Amma ina gode wa yarinyar nan har zuciyata, da Hollis, da duk marasa ƙirƙirar da suka rasa sabon labari suka tono na mahaifina tun yana da rai.

A hanyar komawa gida ranar, ya sa na tsaya muka sayi hamboga, ya cinye tasa ya ɗebi dankalina. Sai da muka shiga unguwarmu ya yi magana.

"Yaron nan Desmond yana da baiwa, amma bai iya jira ba. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa jin jama'a ba."

Na ce, "To, ya za a yi?"

"Na ce ya zo gida ran Lahadi in nuna masa. Ki sayo nama da yawa, ki kuma fito da kujerun da ke gareji, ya ce zai taho da abokansa."