Amsa Ɗaya, Maki Biyar

Ni ce wakiliyar iyaye a kwamitin makarantar. Ranar da muka zauna duba tsarin ba da maki, malamar tarihi ta baje takardu biyar a tebur. Amsar yarinya ɗaya ce ta yi wa fotokwafi, ta ba malamai biyar suka duba. Wani ya ba da tamanin, wani talatin.

Na ce wa shugaban kwamiti, "Ranka ya daɗe, wannan ai zalunci ne!"

Ya ɗora kofin shayinsa a kan mai talatin ɗin, ya ce lallai abin kunya ne, dole a ɗau mataki.

Aka kuwa ɗauka. Kowa ya ɗaga hannu ban da ni: daga yau kada malami ya ƙara taɓa injin fotokwafi.