Naman Layya da Duwatsun Mubina

Mubina tana digiri na uku a Kuala Lumpur, garin da gumi ba ya bushewa a jiki, amma bincikenta a kan duwatsun can ƙuryar arewacin duniya ne. A can, ƙanƙarar da ta daskare cikin tsagar dutse shekara da shekaru ita ke riƙe da shi kamar siminti. Yanzu wurin yana ɗumama, duwatsu suna zaftarewa. Ita tana son ta nuna cewa dutse yakan zame tun ƙanƙarar ba ta narke ba, da zarar ta yi laushi.

Da ɗakin sanyi na sashensu a jami'a ya lalace, ta kwaso duwatsu biyu da ta manne da ƙanƙara, ta sa su a firizar gidan hayarsu a Pantai Dalam, a jirkice kan katako. Ta roƙi Hureira, abokiyar zamanta mai karatun shari'a, kada ta taɓa.

Ranar babbar Sallah ta dawo daga gaisuwa ta tarar da firiza cike da naman layya. Hureira na zaune ta ɗaure babban yatsan ƙafa da tsumma.

"Ina duwatsuna?"

"Ki fara tambayar ƙafata mana! Kan tebur na ɗora su, ina yanka albasa na saman ya sulalo ya faɗo min a ƙafa."

Mubina ta dafe kai. Tun azumi take jiran ganin wannan zamewar, da na'urar auna sanyi da ta maƙala a jikin duwatsun. Ga wayar na'urar nan an naɗe ta tsaf an rataye a ƙusa.

"Haba Hureira! Me ya sa kika cire wayar?"

"Kada jini ya ɓata miki ita."

Mubina ta yi tsaki, ta shiga ɗaki, ta sake fitowa.

"Da zai zame, ruwa yana ɗiga?"

"Ko ɗigo. Teburin a bushe yake."

Abin da take son tabbatarwa ke nan, amma wa zai yarda da shaidar mai yankan albasa? Ta faɗa wa malaminta a waya, ya yi dariya ya ce ta sake daga farko.

Washegari ta bi maƙwabta ɗaki-ɗaki da leda tana rabon nama don duwatsunta su sami wuri a firiza, Hureira na ɗingishi a bayanta tana cewa a bar mata hanta.