Direban da Ya Iya Ƙarar Boris

Ranar Litinin manajan kamfanin katifa ya ba direbansa wa'adi: zuwa Juma'a, ko motar ta daina ƙara, ko ya ajiye makulli.

Direban ya kai ta wurin wani bakanike da ake kira Kunne. Ƙa'idar Kunne ɗaya ce: ba ya buɗe bonet sai mai mota ya yi masa ƙarar da bakinsa. Mota, in ji shi, da ta ga gareji take yin tsit.

"Yi mu ji, malam direba."

Direban ya gyara tsayuwa. "Wuuu-wuuu-ƙyas."

"Wuu ɗin boris ɗin taya ne. Ƙyas ɗin fa?"

"In na taka birki."

"To, taka mana."

Ya taka ƙasa da ƙafar dama, ya sake yi. Kunne ya canja boris, ya gyara birki.

Talata motar ta fito da wani sabon tsiii. Don kada ya kai rahoton ƙarya, direban ya yi ta gwaji a tsakar gida, har matarsa ta leƙo daga kicin. "Baban yara, anya ba kai ya kamata a kai garejin ba?"

Tsiii ɗin fambel ne, wato bel ɗin fankar injin. Laraba aka ɗaure salansa, Alhamis aka canja shokozoba biyu.

Juma'a da safe ya ɗauko manaja. Motar na tafiya sumul, ko tari ba ta yi. A mahaɗar farko ya taka birki, sai ga ƙyas, tsaf, a lokacin da ya dace. Manaja ya ɗago kai daga jarida.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Ba motar ba ce."

"Ita an canja mata boris. Kai me za a canja maka?" Ya miƙo hannu ya karɓi makulli.

Direban ya taka da ƙafa zuwa garejin, da niyyar yin faɗa. Ya tarar da Kunne da wata malamar makaranta, wadda ta rantse ba za ta yi kukan mota a gaban jama'a ba. Minti ashirin suna tsaye.

"Malama, irin wannan ce?" in ji direban. Ya yi mata boris, ya yi fambel, ya yi salansa mai huji.

"Ta ukun," ta ce, "amma ta fi kauri."

Ya ƙara kauri. Ta gyaɗa kai.

Kunne ya ɗauki sifana, bai ko dubi direban ba. "Gobe ka fara aiki, ƙarfe bakwai muke buɗewa. Kuma ka daina shan ruwan sanyi, kada muryar ta dushe."