Man karan hatsi

A Geceme, in an gama girbi ba a share gona. Kwantar da karan hatsi ake yi a bar shi nan. Shanun Fulani su ci ganyen su bar taki, karan kuma ya danne ƙasa kada iska ta kwashe ta. Gonar Rabo, shanun wani Bafulatani, Altine, ke kwana a cikinta tun uban Rabo na da rai.

Bara sai ga Abdulhakim, ɗan ƙanwar Rabo mai aiki da wani furoje na raya karkara a Dogon Dutsi. Ya ce suna da tukunyar ƙarfe da ake turara kara a ciki, hayaƙin ya huce ya koma mai.

"Kawu, gazuwal ke kwance a gonarka kana ba shanu! Da shi za ka tada injin ban-ruwa, ka yi noman rani."

Rabo ya kwashe karan kaf ya ba su. Da Altine ya iso da garkensa, ya tsaya bakin gona yana duban rairayi fayau.

"Rabo, aski ka yi mata?"

"Bana dai ka yi haƙuri."

"Ni na yi. Saniya ce ba ta cin haƙuri."

Ya kora shanun gonar maƙwabci.

Man ya fito baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi. Aka aika kwalba guda Yamai a gwada. Sai da bazara Abdulhakim ya dawo, ya zauna can gefen tabarma.

"An yi analiz, Kawu. Ruwa ya yi yawa a ciki, ga tsami. In ya shiga inji, cinye ƙarfen zai yi. Tokar nan ta kara da mata ke tacewa su sa a miya, ita ta ɓata shi."

"To, a tace shi mana."

"Gyaransa sai da wata na'ura, babu ita a ƙasar nan. Furojen ma ya ƙare."

"To ku maido mini karana."

Abdulhakim ya fara dariya, ya dubi fuskar kawun nasa, ya daina.

Da ruwa ya sauka Rabo ya yi shuka. Hatsi na tsirowa iskar gaban hadari ta taso, ba abin da zai tare ta, rairayi ya binne tsiron. Ya sake shuka da ragowar iri. Wanda ya tsira ya tashi ja-ja, a tsumbure, na maƙwabci kuwa har ya shanye tsawon mutum.

Da kaka Rabo bai kira kowa girbi ba. Shi da matarsa Zalika suka yanke kafin azahar, suka ɗauko a ka.