Shirun Eliane Vercel

Honoré Pujol mutum ne da in ya kama abu ba ya saki, kuma abin da ya kama tun yana saurayi shi ne muryar 'yar fim Eliane Vercel. Fuskarta ma ta isa a tsaya a kalla, don a zamaninta babu gidan sinima a Faransa da bai liƙa hotonta ba, amma shi murya ce ta tafi da shi. Da ciwon suga ya cinye masa ido, bai fasa zuwa sinimar garinsu ranar Lahadi ba. 'Yarsa Lili za ta kai shi kujerarsa, ya jingine sanda, ya karkata kunne. Ita kanta Lilin ainihin sunanta Eliane ne, kuma uwarta ta yi mitar sunan har ta koma ga Allah.

Eliane 'yar garin ce, a nan kudu aka haife ta, sai dai tun tana budurwa ta tafi Paris ba ta waiwayo ba. Babban abin alfaharin garin shi ne ta wanke bakinta tas, ba ta jan wutsiyar magana irin tasu, wadda 'yan Paris ke yi wa dariya. Da magajin gari ya samu ta amince ta zo a karrama ta, Honoré aka ba jawabi, don wa ya isa ya ja da shi? Tun da ba ya iya karatu yanzu, haddacewa ya yi, kuma daga farkonsa har ƙarshensa a kan murya yake. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya ji muryar nan a gabansa ba ta lasifika ba, ya kuma gode wa mai ita.

Ranar bikin, bayan abincin rana, Lili ta zaunar da shi a benci a zauren sinimar, ta tafi taya jera kujeru. Yana cikin bita a zuci sai ya ji wata ta zube kusa da shi tana nishi, tana tsine wa gwiwoyinta. Warin tafarnuwa da man shafawa ya doke shi. Da ta buɗe baki ya ji 'yar gida ce, irin tsofaffin nan masu sayar da zaitun a kasuwar Asabar.

"Dattijo, kai kaɗai kake magana ko da aljanu?"

"Jawabi nake bita, baiwar Allah. Ni zan yabi Madam Vercel."

"To yabe ta in ji."

Bai so ba, amma mai hadda ba ya ƙin mai saurare. Ya gyara wuya ya fara: murya ce mai sanyin ruwan rijiya, murya ce da ta koya wa ƙasa guda yadda ake ban kwana. Bai kai rabi ba tsohuwar ta kece da dariya har da tari.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. "Me kika sani a fim? In kujera kika zo nema, ƙofar shiga ciki tana hannun hagu. Ana maganar zinariya kina kawo dariyar kasuwa."

"Yi haƙuri. Ci gaba, ina jin daɗi."

Sai ga takun Lili da na magajin gari. Honoré ya ji magajin gari yana haki yana cewa, "Madam Vercel, ashe kina nan! Mu muna can bakin titi muna jiran mota."

"Ta ƙofar baya na shigo," in ji mai tafarnuwa. "Da ƙafa na zo daga gidan 'yar ƙanwata."

Honoré ya juya kansa dama, ya juya hagu, yana jiran wata ta uku ta yi magana. Ba wadda ta yi. Ya lalubo hannun Lili.

"Ina take?"

"Baba, ga ta kusa da kai."

"Wannan ai mai zaitun ce. Lili, bar wasa da makaho, ba kyau."

"Wallahi ita ce, Baba. Idanun nan ne, ba su canja ba."

Idanu! Ina ruwan Honoré da idanu? Ya ce in ita ce, ta faɗi maganar nan ta fim ɗin tashar jirgin ƙasa, wadda kowane ɗan garin ya haddace. Tsohuwar ta faɗa ba gargada: "Tafi, kada ka juyo, in ka juyo zan biyo ka." Kalma ba ta ɓace ba, amma kowace da wutsiyarta ta kudu, kamar maƙwabciyarsa ce ke aiken jika.

"Tsufa ne ya canja miki murya?" ya tambaya, yana roƙon ta ce e.

"Tsufa bai taɓa min ita ba, da ita aka haife ni. Da na je Paris suka ce fuskata ta sarauniya ce, bakina na mai kifi. Sai a ɗauki fim ɗin da ni, a gama, sannan a shigar da wata ɗaki ta bi leɓena ta ɗora maganarta. Paulette sunanta, 'yar gajeruwa, mai aikin rediyo. Ba a taɓa rubuta sunanta a allo ba. Ta rasu tuni, Allah ya ji ƙanta."

"Duka finafinan?"

"Duk wanda ka sani."

Honoré ya ji bencin yana juyawa da shi. Ya shiga lissafin abin da ya rage masa.

"Kukan da kika yi a gidan marayu fa?"

"Hawayen nawa ne, shessheƙar ta Paulette."

"Takun takalminki a kan tsakuwa? Ko cikin barci na san takun nan."

"Wani ƙato ne mai gashin baki. Yakan zura hannuwa a takalman mata ya yi ta tafiya da su a cikin akwatin tsakuwa."

Magajin gari ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Honoré kuwa ya rasa ma wa zai yi wa fushi. Fuskar da ke tata ba ya ganinta, muryar da yake ji ta wata ce da ke kabari, takun kuma na wani mai gashin baki. To wa ya yi shekara hamsin yana so? Sunan wa ya sa wa 'yarsa? Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya ce idon ba zai dawo ba.

Aka kira shi kan dandamali. Lili ta hau da shi, ta saita masa makirfo. Jawabin yana nan a kansa daram, amma duk layin da ya ɗauko sai ya ga na Paulette ne. Ya tsaya har mutane suka fara motsa kujeru.

"Na zo in gode wa wata," ya ce daga ƙarshe, "yanzu ban san ko wacce ba. Akwai Madam Vercel, ga ta nan, kuna ganinta, ni ba na gani. Akwai Paulette. Akwai wani bawan Allah mai takalma. Ku tafa musu, su raba."

Aka tafa, ana kallon juna. Wata a baya ta tambayi mijinta wace ce Paulette, ya ce wataƙila matar magajin gari ce.

Da aka kashe fitila za a nuna fim ɗin tashar jirgi, Honoré ya ce a kai shi gida. Sai ya ji warin tafarnuwa ya zauna a kujerar damansa, an kuma riƙe masa hannun riga.

"Zauna, dattijo. Ka zage ni, ai ka bari in rama."

Ya zauna don ba shi da ƙarfin gardama. Paulette ta yi ta magana, mai gashin baki ya yi ta tafiya, shi kuma yana jin su kamar baƙi a ɗakinsa. Aka zo tasha, aka faɗi maganar, jirgi ya tashi. Daga nan akwai wani dogon shiru da Honoré ya daɗe yana ƙorafi a kansa. Tun da ya makance yake cewa ɓata lokaci ne, a nan yake fyace hanci.

"A daidai nan Paulette takan fita shan taba," tsohuwar ta raɗa masa. "Ba wanda ya taya ni."

Ta ɗauki hannunsa ta ɗora a kan fuskarta. Fata ce ta tsohuwa, mai laushi da tamoji. Yana shirin janyewa don kunya sai ya ji haɓar ta fara rawa. Leɓen ya buɗe zai kira wani, ya fasa, ya datse. Kumatun ya yi yunƙurin murmushi, murmushin ya karye a hanya, wani abu mai ɗumi ya gangaro tsakanin yatsunsa. Sai ya tuna. Ya taɓa ganin wannan da idonsa yana saurayi, a wannan sinimar, ya fita bai iya cin abinci ba, sannan ya bi shekaru yana cewa murya ce ta yi masa haka.

Paulette ta ja numfashi a lasifika za ta ci gaba da magana.

"Dakata tukuna, baiwar Allah," in ji Honoré, bai ɗauke hannunsa ba.